Kafin Karo da Shahon Jazan

Ƙarfe biyu ta gota a Karantina.
Jidda ta yi gumi har bango na tsattsafo,
na'urar sanyi tana tari kamar tsohon da ya ƙi magani.
Tun bayan isha na rufe shagon gyaran waya,
na zauna da kai, kai da ban taɓa ganin fuskarka ba.

Sunanka a allo Shahon Jazan.
Wasanninka goma sha tara na sauke,
na kalla, na mayar baya, na sake kallo,
har shayin madara ya huce, ya yi fata a kofi.

Yanzu na san ka fiye da maƙwabcina.
Dodon ruwa kake fara turowa, mai ƙahon murjani,
ba don ka yarda da shi ba,
don dai ka ga abin da ke hannun mutum.
In an matsa maka, a zagaye na uku kake janye shi,
ka sako mai sulken dutse ya shanye dukan.
In kuwa tarko za ka ɗana, sai ka yi jinkiri:
daƙiƙa bakwai, na ƙirga,
bakwai cif, kafin ka danna.

Duk na rubuta a bayan rasit ɗin batura.

Dodannina shida suna jira a layi.
Garwashi ne a gaba, shi na raina tun yana ƙwai,
shekara biyu ke nan,
shi ya fitar da ni kunya ranar da kowa ya cire rai.
Sai Kunkuru, sai Tsawa, sai 'Yar Ƙaiƙayi mai dafi,
da wasu biyu da ban raɗa wa suna ba
don ban gama yarda da su ba.

Rumasa'u ta fito shan ruwa, ta leƙo ta kafaɗata,
rabin idonta a barci.
Tun Talata ita ke zama kai,
ta ɗauki dodanninka, ta ari hannunka,
sau huɗu tana kayar da ni da sunanka.
Ta ce, "Yaya Tasi'u, kai kaɗai aka ba ido?
Shi ma yana can yana ƙirga naka."
Ta ajiye kofi, ta koma ɗaki.

Sai kakanmu ya faɗo mini,
wanda ya iso ƙasar nan da ƙafa, ta Sawakin,
ya ƙare yana dara a ƙofar gida da ƙwallon dabino.
Ba rami yake kallo ba, hannun abokin wasa yake kallo,
nasa kuwa yana cikin riga sai lokaci ya yi.

Na buɗe nawa wasannin.
Ga Garwashi a gaba. Ga Garwashi a gaba. Ga shi kuma.
Sau ashirin da ɗaya cikin ashirin da uku.
In na tsorata, Tsawa nake kira, ko yaushe.
Ashe ni karatun allon farko ne.
Wani a Jazan, ƙila ƙarƙashin fanka,
ya gama rubuta ni a bayan tasa takardar.

To, Garwashi, ka yi haƙuri.
Yau za ka zauna a baya ka yi kallo.
Ba laifinka ba ne, an san ƙofar da kake fitowa.
Marar sunan nan zan tura, mai kama da tsumman goge gilashi,
wanda ko ni ban san iyakarsa ba.
In ya ci, a yi masa suna da shawarma biyu,
ɗaya ta Rumasa'u.
In ya faɗi, ni na faɗi.

Ladanin bayan layi ya gyara murya.
Cajin waya tamanin da huɗu.
Bayan la'asar za a buɗe fili.
Shaho, je ka kwanta.
A zagaye na uku zan yi shiru daƙiƙa bakwai,
hannuna babu komai,
in ga ko za ka tsorata da kanka.